Shin kullen korona ya yi amfani a ƙasashe irin namu?

Tambaya: A 2020 an kulle mu a gida makonni saboda korona. Abinci ya yi tsada, yara sun bar makaranta, amma cutar ba ta tsaya ba. Yaya aka yi amfani da dokar kulle a ƙasashe masu tasowa, kuma ta yi rana ko wahalar banza muka sha?

Amsa: Malam, kulle aron lokaci ne. Hukuma tana tsayar da zirga-zirga don cuta ta rage gudu, ita kuma ta samu 'yan makonnin da za ta nemo masu ɗauke da cutar, ta ware su, ta shirya asibitoci. Inda aka yi wannan aikin cikin makonnin, an ga amfani. Inda aka rufe gari kawai aka zuba jami'an tsaro a titi, talaka ya biya bashin da cikinsa, cutar kuma ta jira a buɗe.

Ka fara fahimtar lissafin, don a kansa aka gina komai. A farkon annobar, mai korona ɗaya yakan sa wa mutum biyu zuwa uku idan ba a ɗauki wani mataki ba, kuma tsakanin wanda ya kamu da wanda ya ɗauka a wurinsa akwai kamar kwana biyar. Idan ka ɗauki biyu da rabi, bayan wata ɗaya, wato zagaye shida, mutum ɗaya ya zama wajen 244 a zagayen ƙarshe kaɗai. Idan kuwa aka rage cuɗanya har ya zama masu cuta goma mutum takwas kawai suke sa wa, to masu cuta 100 za su koma 80, sannan 64, sannan 51, a ƙarshen wata su zama kamar 26. Duk manufar kulle ke nan: a danne wannan adadi ya koma ƙasa da ɗaya. Kwana 14 da ake ta ambata kuwa daga tsawon ɓuyan cutar aka samo shi. Yawanci alamu kan bayyana kwana biyar zuwa shida bayan kamuwa, wasu har kwana 14. Shi ya sa wanda ya kulle gari yau ba zai ga sauƙi a alƙaluman gwaji ba sai bayan mako biyu, a alƙaluman mace-mace kuwa sai mako uku zuwa huɗu. Kullen kwana bakwai ya yi kaɗan a ce an ga sakamakonsa. A makon farko ma adadi yakan ƙaru, saboda waɗanda suka riga suka kamu yanzu suna zaune ɗaki ɗaya da iyalansu dare da rana.

Tsarin da aka kwaikwaya daga Wuhan ta ƙasar Sin ya fito, inda aka rufe birnin ranar 23 ga Janairu 2020 har kwana 76, sai Italiya da ta rufe ƙasarta a watan Maris. Tsarin yana ɗauka cewa mutum yana da albashi ko ajiya, yana da firiji da wutar da za ta riƙe abinci, famfo na kawo ruwa cikin gida, kuma akwai ɗakin da za a ware mara lafiya. Yanzu dubi gidan haya a Kurna ko Brigade cikin Kano a watan Afrilu. Ɗaki goma, kowane ɗaki da iyali, banɗaki ɗaya, ruwa sai mai garuwa ya turo kura. Zafi ya haura digiri 40, babu wuta, kwanon rufi kamar tanda. Maigidan ɗan dako ne a Singa ko direban a daidaita sahu, hannu baka hannu ƙwarya, abin da ya samo da rana shi za a ɗora da daddare. Ranar farko akwai ragowar gari, ranar uku an fara rance wajen mai kanti, ranar biyar dole wani ya fita. A nan akwai abin da sai daga baya aka gane sosai: korona ta fi yaɗuwa a rufaffen wuri mara iska. Mutumin da aka koro daga gindin bishiya aka cusa cikin ɗaki mai ƙaramar taga da mutum takwas, ba lallai ne an rage masa haɗari ba.

A Najeriya an tabbatar da mutum na farko ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas. Ranar 29 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da kulle Legas da Ogun da Abuja na kwana 14, daga ƙarfe 11 na daren washegari. An ƙara wasu kwana 14 ranar 13 ga Afrilu, sannan daga 4 ga Mayu aka koma dokar hana fita daga 8 na dare zuwa 6 na safe, da hana tafiya tsakanin jihohi, da tilasta sa takunkumi. Jihohi kowacce ta yi nata. Kaduna ta riga tarayya sa dokar zaman gida ta awa 24. Afirka ta Kudu ta yi mai tsanani, kwana 21 daga 27 ga Maris, da sojoji a titi, har da hana sayar da giya da sigari. Kenya ta zaɓi hana fitar dare. Ghana ta kulle Akara da Kumasi da kewayensu kawai. A Malawi kuwa babbar kotu ce ta dakatar da kullen tun kafin ya fara, saboda gwamnati ba ta nuna yadda talakawa za su ci abinci ba.

Kuskure na farko yana faruwa ne tun a sanarwa. A Indiya, ranar 24 ga Maris, Firayim Minista Narendra Modi ya yi jawabi da ƙarfe 8 na dare cewa ƙasa mai mutum biliyan 1.3 za ta rufe daga 12 na daren. Awa huɗu ke nan. 'Yan ci-rani da ke kwana a wurin aikinsu suka wayi gari babu aiki, babu wurin kwana, babu jirgin ƙasa, suka kama hanyar ƙauyukansu a ƙafa, wasu ɗaruruwan kilomita. A watan Mayu jirgin kaya ya taka 16 daga cikinsu kusa da Aurangabad, gajiya ta sa sun kwanta barci a kan layin dogo. Daga baya aka dawo ana kwashe su a jiragen ƙasa cike maƙil, cutar ta bi su ƙauye. A Ghana ma an tare 'yan matan arewa masu dakon kaya a kasuwannin Akara sun ɓuya cikin manyan motocin kaya za su gudu gida. Sanarwa mai gajeren wa'adi tana haifar da cinkoso a tasha da kasuwa, mai dogon wa'adi kuma tana ba masu ɗauke da cuta damar watsuwa. Mafita ita ce a shirya wa baƙon gari wurin zama da abinci kafin a yi magana, don ya samu dalilin tsayawa.

Kano ta cancanci a tsaya a kanta, don kusan duk abin da kan iya lalacewa ya bayyana a can. An tabbatar da mutum na farko ranar 11 ga Afrilu, gwamnatin Abdullahi Ganduje ta sa kullen mako ɗaya daga daren 16 ga wata. Cikin 'yan kwanaki masu haƙa kabari suka fara cewa gawarwakin da ake kawowa sun fi na kullum yawa, galibi dattawa. A daidai wannan lokaci ɗakin gwaji ɗaya tilo da jihar take da shi ya tsaya aiki na kwanaki, saboda ƙarancin sinadarai da kamuwar wasu ma'aikata. An kulle miliyoyin mutane, amma idon da zai ga inda cutar take ya rufe. Asibitoci masu zaman kansu da yawa sun rage aiki ko sun rufe don ba su da kayan kariya, mai hawan jini da mai ciwon suga da mai sanƙarau suka rasa inda za su. Ranar 27 ga Afrilu tarayya ta sa cikakken kulle na mako biyu, aka tura tawaga ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo. Da yake al'adarmu binnewa nan take ce, babu gawar da za a gwada, sai aka bi gida-gida ana tambayar iyalai alamomin da mamaci ya nuna. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna iya zama da alaƙa da korona. Ka lura da sauran kason. Wasunsu mutane ne da ciwon da aka saba yi wa magani ya kashe su saboda ƙofar asibiti a rufe take.

Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, yunwa ta yi yawa, sai aka ware Litinin da Alhamis daga 10 na safe zuwa 4 na yamma don a fita sayen abinci. Niyyar mai kyau ce, amma lissafin bai fita ba. Cinikin da ake bazawa cikin kwana bakwai aka tattara shi cikin awa 12 a mako. Duk wanda ya ga Yankaba ko 'Yan Lemo a waɗannan ranaku ya san kafaɗa na gugar kafaɗa, layin banki ya zagaye kwana, 'yan kasuwa kuma sun ƙara farashi don sun san ba ka da gobe. Abin da ya fi dacewa shi ne akasin haka: a tsawaita lokutan kasuwar abinci, a rarraba ta zuwa filayen makarantu da filayen ƙwallo na unguwanni, a bar tazarar mita biyu tsakanin rumfuna, ƙofar shiga daban da ta fita, kowace ƙofa da bokitin famfo da sabulu. Dillalai su yi lodi da asuba, masu sayen ɗai-ɗai da rana.

Sai maganar almajirai. Gwamnonin arewa sun amince kowace jiha ta mayar da yara jihohinsu na asali, aka riƙa loda su a motoci ana ratsa iyakokin da aka ce an rufe. Jihohin da suka karɓa, irin su Kaduna da Jigawa, sun gwada sun samu da yawa suna ɗauke da cutar. Tafiyar awanni cikin mota a matse ita kanta hanyar yaɗuwa ce. Ƙa'idar ta daɗe a wurinmu, tana cikin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito: in annoba ta ɓarke a gari kada na waje ya shiga, na ciki kuma kada ya fita don gudu. Da an bar yaran inda suke an ciyar da su, an rage cunkoson wurin kwanansu, an gwada masu zazzaɓi, da kuɗin bai kai na jigila da killacewa ba, kuma da ba a wulaƙanta yara ba.

Tilastawa ita ma ta ci rayuka. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyun farko na kulle, lokacin da waɗanda korona ta kashe a hukumance ba su kai haka ba. A Mombasa ta Kenya an yi wa masu jiran jirgin fito duka da barkonon tsohuwa, aka tara su kwance jikin juna, abin da dokar ta zo hanawa. Shingayen kan hanya kuma sun zama wurin karɓar na goro. Mai kuɗi ya wuce, motar tumatir daga Kadawa da doka ta yarda ta wuce ta kwana a shinge har kayan su ruɓe, manomi ya yi asara, mai saye a Legas ya biya ninki. Illar da ta fi wannan ita ce ta amana. Wanda aka zane da dorina a titi ba zai kira lambar hukuma ya ce yana tari ba, kuma ba zai faɗi sunayen waɗanda ya zauna da su ba. Bin sawun cuta gaba ɗaya a kan wannan bayanin yake tafiya.

Tallafi shi ne ƙafar da kulle yake tsayawa a kai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Najeriya ta shiga annobar da rajistar talakawa mai gidaje kamar miliyan 2.6, aka ba da umarnin ƙara miliyan ɗaya. Waɗanda ke cikin shirin sun karɓi naira 20,000, kuɗin wata huɗu a dunƙule, aka kuma ce a fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbun ƙasa. Matsalar ita ce rajistar ta fi ƙarfi a karkara, alhali kulle a birni ya fi ciwo, kan mai shayi da mai wankin mota da tela, waɗanda kafin annoba ba a lissafa su cikin mabuƙata. Rabon buhu a fili kuma ya tara jama'a ana turereniya. Da aka fasa rumbunan kayan tallafi a Jos da Legas da wasu garuruwa a watan Oktoba aka ga abinci jibge, sai zargin da mutane ke yi ya samu gindin zama. Togo ta bi wata hanya: shirinta na Novissi ya tura kuɗi ta wayar hannu, mutum ya yi rajista da katin zaɓe, kason mata ya ɗara na maza. Pakistan ta ba miliyoyin gidaje rupi 12,000, ta kuma koma rufe unguwannin da cuta ta yi yawa kawai. Ghana ta ɗauke wa jama'a kuɗin ruwa na wata uku. Ko'ina ka duba, inda ake da sunaye da lambobin waya tun kafin annoba, kuɗi ya isa cikin kwanaki.

Rufe masallatai ya nuna cewa wanda ya faɗi magana yana da muhimmanci kamar maganar kanta. A Nijar, bayan samun mutum na farko ranar 19 ga Maris, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta killace Yamai, ta sa dokar hana fitar dare, ta hana sallar jam'i. An yi tarzoma a Mirya cikin jihar Damagaram, an kuma yi a unguwannin Yamai gab da azumi, kafin tsakiyar Mayu an buɗe wuraren ibada. A Kano an ji matasa suna rera "babu korona", wasu na cewa ciwon manya ne, tunda sunayen farko da aka ji na gwamnoni ne da na fadar shugaban ƙasa. Inda aka zauna da limamai da masu unguwanni tun kafin doka, suka ga alƙaluma da idonsu, su da kansu suka kawo hujjar cewa an taɓa cewa a yi salla a gida saboda uzuri, kuma Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba. Inda aka aika musu takarda kawai, sai abin ya zama gwamnati ta hana salla ta bar kasuwa.

Wuraren da suka ci riba su ne suka cika makonnin da aiki. Ghana ta yi amfani da mako ukunta wajen bin sawu da gwaji mai yawa. Cibiyar binciken lafiya ta Noguchi da ke Akara ta riƙa haɗa samfurin mutane da dama a gwaji ɗaya: in ya fito babu, an sallami duka, in ya nuna akwai, sai a sake gwada su ɗaya bayan ɗaya. Dabarar tana ninka abin da sinadari kaɗan zai iya, muddin masu cutar ba su yi yawa ba. Ranar 20 ga Afrilu aka ɗage kullen. Biyetnam ta killace yankin Son Loi mai mutum kamar 10,000 tun a Fabrairu, ta yi kwana 15 na taƙaita fita a faɗin ƙasa daga 1 ga Afrilu, ta kai ƙarshen Yuli kafin ta samu mutuwar farko. Mu ma muna da misali a gida. A 2014, da Ebola ta shigo Legas, ba a kulle birnin ba. An bi sawun mutum kusan 900 ana auna zafin jikinsu kullum har kwana 21, da ma'aikatan da suka goge a yaƙi da shan inna, cutar ta tsaya a mutum 20, takwas suka rasu. A Laberiya kuwa, da aka zagaye unguwar West Point da sojoji da waya mai ƙaya, rikici ya ɓarke, aka janye bayan kwana goma. Sai dai a yi adalci: mai Ebola ba ya yaɗa ta sai ya fara ciwo, mai korona kuwa yana yaɗawa tun yana jin kansa garau, shi ya sa bin sawu kaɗai bai isa ba.

Akwai asarar da ba ta shiga sanarwar dare ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya. An dakatar da zagayen rigakafin yara a ƙasashe da yawa, masu tarin fuka sun yanke shan magani, mata masu naƙuda sun rasa abin hawa da daddare, taki da iri sun makara gab da damina. Tattalin arzikin Najeriya ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari a watannin Afrilu zuwa Yuni, ko da yake faɗuwar farashin mai tana da nata kason. Yuganda ta rufe makarantu daga Maris 2020 har Janairu 2022, yara da yawa ba su koma ba, wasu aure, wasu aiki.

To ya yi amfani? A ganinmu matakin farko yana da hujja. Ba a san cutar ba, ɗakunan gwaji a Najeriya ba su wuce biyar ba, kuma an ga yadda asibitocin Italiya suka cika. Makonnin sun ba da damar ƙara ɗakunan gwaji, buɗe cibiyoyin killacewa, da horar da ma'aikata, kuma wanda ya kamu bayan Yuni ya tarar an gano cewa dexamethasone, magani mai araha, yana rage mutuwar masu buƙatar oksijin. Hana manyan taruka da rage cunkoson mota sun biya kuɗinsu. Amma cikakken zaman gida na makonni a unguwannin talakawa, ba abinci, ba gwaji, cutarwarsa ta fi amfaninsa. Ƙarancin mace-macen da aka gani a ƙasashenmu ma ba kulle kaɗai ya kawo shi ba. Rabin 'yan Najeriya ba su wuce shekara 18 ba, a Nijar ma ƙasa da haka, korona kuwa tsofaffi ta fi kashewa, sannan yawancin mace-mace a nan ba a rubuta su.

Idan wata annobar numfashi ta sake zuwa, tsarin da ya dace shi ne a fara da abin da ya fi rage cuɗanya da ƙaramar asara: bukukuwa, tarukan siyasa, zaman makoki, cunkoson mota, da buɗe tagogi a aji da masallaci da ofis. Dattawa da masu ciwon suga a ware musu ɗaki mai iska a gida, jikoki su rage shiga. In har sai an rufe, a rufe unguwa ko ƙaramar hukuma, a faɗi ranar buɗewa da sharaɗinta tun farko, abincin mako biyu ya riga doka isa gida, motocin abinci da taki da marasa lafiya su samu takardar wucewa guda ɗaya da kowane shinge ya sani. Asibitocin sha-ka-tafi su kasance a buɗe, da takunkumi da safar hannu, da na'urar auna oksijin ta yatsa, da silinda a cike. Sakamakon gwaji ya dawo cikin awa 48, don wanda ya wuce haka mai cutar ya riga ya gama rabawa. A kuma sa wanda zai ƙirga kaburbura kullum a manyan maƙabartu, tunda a Kano su suka fara ba da labari. Ma'aunin buɗewa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a Mayu 2020 shi ne waɗanda gwaji ke nuna suna da cutar su kasance ƙasa da kashi 5 cikin ɗari har tsawon kwana 14, kuma wannan adadi yana da ma'ana ne kawai idan ana gwada masu zazzaɓi da tari a kowace ƙaramar hukuma, har da waɗanda ke nesa da babban birnin jiha.